Wata ukun farko na buɗaɗɗiyar manhaja: abin da za a fara da shi, da abin da za a bari sai gaba

Ranar da aka buɗe rumbun manhaja ga jama'a, wato wurin da ake ajiye kod ɗinta a intanet don kowa ya gani ya taimaka, aka watsa sanarwa a WhatsApp da Facebook, abokai kan yi ta sam barka, wasu su danna tauraro a GitHub, shafin da ke riƙe irin waɗannan rumbuna. Bayan sati biyu sai wuri ya yi tsit. Wannan shirun ba alamar mutuwa ba ne, lokacin aikin gaske ne ya zo. Ma'aunin da muke ba kowace ƙungiya shawara ta riƙe a wata ukun farko guda ɗaya ne: baƙon da bai san ku ba, yana zaune a Tawa da tsohuwar kwamfuta da forfe na mega kaɗan, zai iya sauke aikinku, ya tayar da shi, ya gyara wani abu ya aiko, ba tare da ya buga muku waya ba? Duk abin da ke ƙasa hidimar wannan tambayar yake yi.

Don kada magana ta tsaya a iska, mu ɗauki misalin matasa uku a Yamai da suka rubuta manhajar Android ta rajistar ƙungiyar manoma, mai rubuta buhunan albasa da suka shiga sito, da wanda ya kawo, da kuɗin da aka biya.

Satin farko: lasisi

Kod ɗin da aka ɗora a intanet babu lasisi ba buɗaɗɗe ba ne. A doka duk haƙƙi yana hannun marubucin, kowa na iya kallo amma ba wanda ke da izinin kwafa ko gyarawa ko rarrabawa. Kamfani ko ma'aikatar da ke da lauya ba za ta taɓa shi ba. Saboda haka fayil mai suna `LICENSE` shi ne na farko.

Kada ku rubuta naku lasisin. Ku zaɓi ɗaya daga cikin sanannu. MIT gajere ne, yana barin kowa ya yi abin da ya ga dama muddin ya bar sunanku da rubutun lasisin. Apache 2.0, na 2004, haka yake amma ya ƙara kariya a kan haƙƙin ƙirƙira. GPL na 3, na 2007, yana cewa wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, dole ya ba da kod ɗin gyaran a kan sharaɗi iri ɗaya. AGPL ya kai wannan sharaɗin har ga wanda ke tafiyar da manhajar a sabarsa mutane na amfani da ita ta intanet. Ga rajistar manoma muna fifita GPL na 3, don kada wani ya kwashe aikin, ya sauya masa suna, ya rufe shi ya sayar wa ƙungiyoyin da aka yi domin su. Idan kuwa ɗan ƙaramin laburare ne, wato guntun kod, da ake so kowa ya saka cikin nasa aikin, MIT ya fi.

Dalilin gaggawar shi ne, da zarar mutum na huɗu ya aiko da gyara aka karɓa, shi ma yana da haƙƙi a kan abin da ya rubuta, kuma sauya lasisi daga baya na nufin neman yardar kowa ɗaya bayan ɗaya. Ku duba lasisin duk laburaren da kuka aro, domin ba duka ke zama inuwa ɗaya ba: kod ɗin Apache 2.0 na shiga cikin GPL na 3, amma ba ya haɗuwa da wanda aka ce GPL na 2 kaɗai. In wani cikinku ya rubuta sashensa a lokacin aikin ofis ko a matsayin aikin kammala karatu, ya karanta kwantiraginsa ko ƙa'idar makarantar, ya nemi izini a rubuce. Ga masu aiko da gyara, ku nemi su riƙa amfani da `git commit -s`, wanda ke ƙara layin shaidar cewa suna da ikon ba da abin da suka aiko. Masu Linux sun shigo da wannan tsarin a 2004, kuma ya wadatar da ƙaramin aiki.

Abin da bai kamata ya shiga rumbu ba

Git, kayan aikin da ke riƙe tarihin duk sauyin da aka yi wa kod, ba ya mantuwa. In kalmar sirrin rumbun bayanai ko makullin kamfanin aika SMS ya shiga sau ɗaya, goge shi a ajiya (commit) ta gaba ba ya fitar da shi daga tarihi. Akwai na'urorin da aikinsu kenan, dare da rana suna sintiri a buɗaɗɗun rumbuna suna tsintar irin waɗannan makullan. In ya faru, matakin farko a soke makullin a inda aka samo shi a karɓi sabo. Share tarihi da `git filter-repo` na biyu ne, kuma ba ya maido da abin da wani ya riga ya kwafa. Rigakafin mai sauƙi ne: a sa `.env`, fayil ɗin sirrin, cikin `.gitignore`, jerin abin da Git zai ƙyale, tun kafin ajiya ta farko, a ajiye `.env.example` mai sunayen saituna babu ainihin sirrin.

Na biyu, bayanan mutane na gaske. Da yawa kan kwafo rajistar wata ƙungiya, da sunaye da lambobin waya da bashin kowa, su sa a matsayin bayanan gwaji. Wannan tona asirin mutane ne, kuma Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ku ƙirƙiri sunayen bogi ashirin ko talatin, ku tabbata akwai masu ƙ da ɗ da ƴ a cikinsu, dalilin zai zo a gaba.

Na uku, manyan fayiloli. GitHub na gargaɗi a mega 50, yana ƙin karɓa sama da mega 100, amma tun kafin nan kun cuci mai ƙaramin forfe, don duk wanda ya sauke rumbun sai ya sauke kowane bidiyo da kowane APK (fayil ɗin girka manhajar Android) da aka taɓa sakawa. Irin waɗannan wurinsu shafin sakin siga.

Takardar bakin ƙofa

`README` ya amsa tambaya huɗu kafin mai karatu ya gaji: mene ne wannan, don wa aka yi shi, yaya ake tayar da shi, ina ake kai ƙorafi. A sa hoton allo ɗaya ko biyu marasa nauyi. A faɗi gaskiyar matsayin aikin: "ana iya shigar da buhuna da biya, haɗa bayanan wayoyi biyu bai gama ba". Wanda aka gaya wa gaskiya yakan yi haƙuri, wanda aka cika wa baki ya tarar da rabin aiki ba ya dawowa.

A rubuta lambar sigar kowane kayan aiki, kada a ce "sabon Java". Sannan a yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci a watan farko: a samu ɗalibi ɗaya, daga Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa, wanda bai taɓa ganin aikin ba, a ba shi adireshin rumbun kawai, ku zauna gefe ku yi shiru. Duk inda ya tsaya, ku rubuta. Kusan kullum abin da ke fitowa iri ɗaya ne: wani kayan aiki da ke kwamfutarku tun bara har kun manta kun girka shi, hanyar fayil mai ɗauke da sunan ɗayanku, ko umarnin da ke aiki a Linux ya ƙi a Windows. A gyara takardar, a sake da wani mutum daban. In baƙo ya tayar da manhajar cikin minti 30, ban da lokacin saukewa, kun wuce wannan matakin.

Maganar harshe: ra'ayinmu sunayen da ke cikin kod su kasance da Turanci, don kayan aiki da masu taimako na waje da shi suke aiki, `README` ya zo da Faransanci da Turanci, jagorar mai amfani kuma da Hausa da Zabarmanci tun farko, ba sai an gama ba.

Aiki da wutar da ba ta da tabbas

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma buƙatar kuran ta fi yawa, yanke wuta na cikin lissafin duk mai aiki da kwamfuta a Yamai. Git ya dace da wannan hali, don Linus Torvalds ya gina shi a 2005 ta yadda kowace kwamfuta ke riƙe da cikakken tarihi. Ajiya, reshe (layin aiki na gefe), duba tarihi, duk ba sa buƙatar intanet. Ku saba da ƙananan ajiya sau da yawa a rana, a tura idan layi ya samu.

Mai ƙaramin forfe ya sauke da `git clone --depth 1`, wanda ke kawo halin yanzu kawai. In intanet ya ɗauke kwana biyu, `git bundle create aiki.bundle --all` na dunƙule rumbun duka cikin fayil ɗaya da za a ɗauka a kan kle USB, abokin aiki ya yi `git clone` ko `git pull` daga gare shi kamar daga sabar. Abin da ke cinye forfe da gaske laburaren da kayan gini irin su Gradle ko npm ke saukewa ne, ɗaruruwan mega a karon farko. A sauke sau ɗaya inda layi ke da kyau, a kwafa ma'ajiyar ga sauran, a yi gini da `--offline` a Gradle. A kulle sigar kowane laburare cikin fayil ɗin kulli, a kuma rage yawansu. A Maris 2016 wani ya janye ɗan laburarensa mai layi 11, left-pad, daga npm, ginin dubban ayyuka ya tsaya a duniya.

Gwaji mai nauyi a bar wa na'urorin GitHub Actions, kyauta ne ga buɗaɗɗen rumbu. A watan farko abu biyu sun isa: ya gina manhajar, ya gudanar da gwaje-gwajen lissafin kuɗi.

Haruffanmu da kuɗinmu

Nan za mu daɗe, don nan ne manhajojin da aka kwaikwayo daga waje ke karyewa, kuma gyaran bayan an tara bayanai ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Haruffa masu lanƙwasa suna da lambobinsu a Unicode: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu kuma Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, Ƴ U+01B3. Komai ya kasance UTF-8, daga fayil har rumbun bayanai. A MySQL a zaɓi `utf8mb4`. Teburin da aka bari a `latin1` zai mai da ƙ alamar tambaya, kuma abin da ya lalace a ajiya ba ya dawowa.

Matsalar da ta fi ɓoyewa ita ce bincike. Sakataren ƙungiya ya rubuta "Ɗanladi" yau, gobe wani ya nemi "Danladi" da allon rubutun Faransanci, manhaja ta ce babu. Dabarar da aka saba da ita ta cire alamar da ke kan wasalin Faransanci, wato rarraba é zuwa e da alamarta, ba ta aiki a nan, domin Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai ƙari ba, harafi ne mai zaman kansa. Sai kun rubuta teburin da kanku: ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ƴ zuwa y. Ku ajiye sunan yadda aka rubuta shi a gurbi ɗaya, sauƙaƙƙen a gurbi na biyu don bincike kawai. Ku tuna mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, kuma wannan ɗan waƙafin na sama yana zuwa iri uku aƙalla (U+0027, U+2019, U+02BC) gwargwadon wayar da aka rubuta da ita. Duka su koma y a gurbin bincike. Haka kuma `LIKE` da `upper()` na rumbun bayanai na SQLite, in ba a ƙara masa laburaren Unicode mai suna ICU ba, haruffan Turanci 26 kawai suka san babba da ƙaraminsu, don haka a yi wannan juyin cikin kod kafin a ajiye.

SMS na da tarkonsa. Saƙon da ke cikin haruffan GSM na ɗaukar 160. Ƙ guda ɗaya ta shiga, saƙon duka ya koma wani tsarin mai ɗaukar 70 kawai, in ya zarce a yanka shi gunduwa-gunduwa na 67. Saƙo mai haruffa 150 da ya kamata ya tafi a ɗaya sai ya zama uku, kuɗi ya ninka uku. Ku yanke shawara da sani: ko a gajarta saƙon, ko a sauke lanƙwasar a SMS kaɗai. Rasit na PDF kuma a saka masa rubutu mai ɗauke da haruffan, kamar Noto Sans ko Andika, duka masu buɗaɗɗen lasisi. Helvetica da laburaren PDF ke zuwa da shi ba shi da su. Fayil ɗin CSV da za a buɗe a Excel na Faransanci yana son `;` a matsayin rabewa, da alamar BOM, mai shaida cewa UTF-8 ne, a farkonsa.

Sai kuɗi. Sefa ba ta da ɗigo a ma'aunin ISO 4217, don haka a ajiye ta a cikakkiyar lamba, ba mai ɗigo ba. Amma babban tarkon ba na kwamfuta ba ne. A kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Manomi ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jaka ɗaya sefa 1000 ce, dala 200. In gurbin shigar da kuɗi bai faɗi abin da yake jira ba, sakatare ɗaya zai rubuta 100, wani ya rubuta 500, kuɗin kuwa ɗaya ne, rajista ta rikice babu wanda ya yi ƙarya. A ajiye da sefa kullum, a rubuta "sefa" ƙarara a gefen gurbin, a nuna daidai da dala a ƙasansa yayin da ake bugawa.

Tunda manhajar za ta yi aiki a ƙauyen da babu layi, kowane rubutu ya samu lambar UUID, doguwar lambar da ba ta cin karo da ta wata waya, ba 1, 2, 3 ba, in ba haka ba wayoyi biyu za su haifi "buhu na 41" guda biyu. Kada a dogara da agogon waya wajen sanin wanda ya riga, don wayar da batirinta ya mutu takan farka da kwanan wata na bogi. Rubutun kuɗi kuma kada a goge ko a sauya shi, a soke shi da sabon rubutu, kamar yadda ake yi a littafin akawu.

Tsarin tafiya da iya cewa a'a

A wata na biyu buƙatu za su fara zuwa: a ƙara biya ta waya, a ƙara taswira, a yi na iPhone. Ku rubuta fayil guda mai kashi uku: abin da ake yi yanzu, abin da ke biye, abin da ba za a yi ba a bana. Kashi na ukun shi ne mai ceton ku. Na farkon kada ya wuce abu biyar, kuma kada a sa masa ranar da ba ku da iko da ita. Mutum uku masu wani aikin da rana, sa'a shida zuwa takwas a sati kowannensu ke iya bayarwa da gaske, da wannan za a yi lissafi.

Masu amfani da manhajar ba za su buɗe tikitin ƙorafi a GitHub ba, saƙon murya za su aiko ta WhatsApp. Wannan ba laifi ba ne. A naɗa mutum ɗaya kowane sati mai juya saƙonnin zuwa tikiti: irin wayar, sigar Android, sigar manhajar, abin da aka danna, abin da ya fito, ba tare da suna ko lambar mai ƙorafin ba. Shawarar da aka yanke a hira ko a fada wajen shayi, a rubuta ta cikin tikitin a ranar, don wanda ke Maraɗi ko Damagaram ya san dalili. Wanda ya aiko da gyara a amsa masa cikin kwana biyu ko uku, ko da "mun gani, za mu duba ran Asabar" ne. A ware ƙananan ayyuka biyar zuwa goma masu cikakken bayani don sababbin hannu, kuma ku daure kada ku yi su da kanku. Fassara ƙofa ce mai kyau: a fitar da duk rubutun allo daga cikin kod, a ɗora a Weblate, shafin fassara mai karɓar buɗaɗɗun ayyuka kyauta, malamin makarantar da bai san kod ba ya taimaka da Hausa ko Tamajak.

Siga ta farko

Kada a jira kammala. A sati na shida zuwa na takwas a saki 0.1.0. A ƙa'idar lambobin siga, duk abin da ya fara da sifili yana shaida cewa komai na iya sauyawa. A sa alama da `git tag -a v0.1.0`, a rubuta abin da ya sauya cikin `CHANGELOG` da harshen mai amfani, a ɗora APK tare da lambar SHA-256 ɗinsa, wadda ake tabbatar da ita cewa ba a taɓa fayil ɗin ba, don manhaja a nan daga waya zuwa waya take yawo ta Bluetooth da Xender. Daga wannan ranar, duk sauyin fasalin rumbun bayanai sai da kod ɗin ƙaura mai mai da tsofaffin bayanai sabon fasali, a gwada shi a kan bayanan tsohuwar siga. Sabuntawar da ta share rajistar kaka guda ta gama da amincin aikin a wannan ƙauyen.

Makullin sa hannu na Android, wanda ke shaida cewa APK ɗin naku ne, abin tsaro ne kamar takardar fili. In ya ɓace, wayoyin da ke da tsohuwar siga ba za su karɓi sabuwa ba sai an cire ta, cirewar kuma na tafiya da bayanan da ke ciki. A yi masa kwafi biyu masu kalmar sirri, a hannun mutum biyu, a gida biyu. Google Play na karɓar dalar Amurka 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki ga kowa. F-Droid, kantin buɗaɗɗun manhajojin Android, kyauta ne, amma su ke gina manhajar daga kod, kuma ba sa karɓar mai ɗauke da rufaffen laburare.

Hannu na biyu

Kafin wata na uku ya ƙare, a mai da rumbun daga asusun mutum ɗaya zuwa asusun ƙungiya mai shugabanni biyu aƙalla, kowanne da tabbaci mai mataki biyu, lambobin ceto kuma a buga su a takarda, don waya na ɓacewa. A kulle babban reshe ta yadda ba abin da ke shiga sai wani ya duba. A yi madubin rumbun a wuri na biyu, Codeberg ko GitLab.

Ba da makulli kuma a yi shi a hankali. A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye cikin xz, ɗan kayan matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau, wasu asusun kuma na matsa wa mai riƙon aikin, wanda shi kaɗai ne kuma ya gaji, har ya ba shi iko. Don haka a hau mataki-mataki: sabon mutum ya fara da tsara tikiti, sannan duba gyaran wasu, sannan haɗa gyara, ikon sakin siga da makullin sa hannu su zo ƙarshe, ga wanda kuka sani ido da ido. A rubuta waɗannan matakan cikin `CONTRIBUTING`, a ƙara `SECURITY` mai adireshin da za a kai rahoton rauni a asirce. Siga ta 0.2.0 kuma mutum na biyu ya sake ta daga farko har ƙarshe, a kwamfutarsa, yana bin rubutattun matakai, wanda ya saki ta farko yana zaune gefe yana rubuta duk inda ya tsaya.